Sunan da Hajiya Kande ba ta faɗa

Ran nan Ummi 'yar ƙanwata ta zo min da ƙawayenta biyu. Dukansu a nan Landan aka haife su, suna karatun kula da marasa lafiya a koleji, an kuma ce kowacce ta nemi inda za ta je koyon aiki. Ina kicin ina soya albasa na jiyo ɗayarsu tana cewa ita dai irin aikin Anti Rabi take so, wato ni ke nan, babu ɗaga tsohuwa, babu wanke kowa, sai dai a zauna a falo a yi ta shan shayi da biskit ana A B C. Suka kwashe da dariya. Na ci gaba da juya albasata, don a lokacin ta fi su bukatata. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, domin su da duk wanda yake ganin koya wa tsohuwa karatu hutu ne. Shayin gaskiya ne, ana sha. Biskit ɗin ma ina ci fiye da yadda likitana ya yarje min. Sauran aikin ne ba su gani ba.

Malamar firamare ce ni a Zariya kafin na biyo maigidana nan, shi yana karatu ni ina fama da yara a wani ɗan flat a Peckham. Da yaran suka tasa na fita neman aiki, aka duba takardata ta koyarwa aka ce ba ta ci a ƙasar nan. Sai na shiga wani gidan kula da tsofaffi a Camberwell, ina yi musu wanka, ina sauya zanin gado, ina ba da abinci a baki. Shekara shida na yi a haka. Wanda bai yi wannan ba kada ya ce zai koyar da tsohuwa, domin a wurin wanka ake sanin wadda kafaɗarta ke ciwo, da wadda rabin abu take gani, da wadda take gyaɗa kai alhali ba ta ji abin da aka ce ba.

Wadda ta koya min sana'ar sunanta Madam Pauline, 'yar Jamaica, doguwa mai murya kamar ta kwandastan mota. Ita ke riƙe da falon gidan, inda tsofaffi ke zama da hantsi. Da ta ji na taɓa koyarwa sai ta ce na gwada wani ɗan aji na matan da ba su iya karatu ba. Na zo da ƙarfina. Na kwaso littattafan yarana masu hoton tuffa da ƙwallo, na tsaya a gabansu, na fito da muryar nan ta 'yan aji ɗaya, har da cewa a tafa. Wata Baturiya mai suna Maureen, wadda ta yi shekara arba'in a masana'antar biskit, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ta binne maza biyu, ba za ta tafa wa tuffa ba. Ajin ya watse kafin shayi ya huce.

Madam Pauline ba ta yi min faɗa a gabansu ba, sai da ta ja ni baranda. A nan ta ba ni karatun da nake ci da shi har yau. Kada na ƙara tsayawa a kan tsohuwa, na nemi kujerar da ta fi tata gajarta. Kada jan biro ya shigo falon. Kafin na buɗe littafi na duba ko an goge tabarau, ko batirin na'urar kunne yana da rai, ko haƙoran roba suna baki, ko an kai mutum bayi, don babu wadda za ta koyi harafi fitsari yana matsarta. Sannan ta ce na daina yanke musu abin da za su karanta, na tambaye su. Da na koma na tambayi Maureen, ashe shafin shirye-shiryen talabijin take so ta iya karantawa, saboda maƙwabciyar ɗakinta tana yi mata ƙaryar cewa an soke shirin da take so, don ita ta kalli nata. Wata biyar muka yi a kan shafin nan. Ranar da Maureen ta kama ta da hannunta, ta nuna mata layin da yatsa, har kicin sai da aka jiyo dariyarta.

Kayan aikina duk suna shiga jaka ɗaya. Na farko tire ne da gishiri a baje, a nan ake fara zana harafi da yatsa, in ya karkace a girgiza ya ɓace, babu wanda ya ga kuskure. Sai fensir da nake naɗe wa soson wanke-wanke da salatif har ya yi kauri, saboda yatsun da sanyin ƙashi ya lanƙwashe ba sa kama siririn abu. Sai takarda ruwan ɗorawa da baƙin alƙalami mai kauri, don farar takarda tana kashe musu ido. Akwai gilashin ƙara girman rubutu, da batiran kunne, da man kaɗanya da nake murza musu a hannu bayan sun tsoma shi a ruwan ɗumi. Littattafanmu kuwa kwalin magani ne, da takardar zaɓen abinci, da lambobin bas, da katin gaisuwar jikoki. Lokacin karatu daga goma na safe ne zuwa sha ɗaya da rabi. Wanda ya sa aji bayan abincin rana, minshari zai koyar.

Sai kuma sanin wadda ba ta iya ba, domin babu wadda za ta faɗa. Wadda kullum ta manta tabaranta a ɗaki, wadda in an kawo takardar abinci sai ta ce a ba ta irin na maƙwabciyarta, ita ce taka. Ba a tona ta. Ana zama kusa da ita ne da tiren gishiri kamar ana wasa, har ranar da ita da kanta za ta miƙo yatsa.

Mma Ayisha ita ba ta bi ta wannan hanyar ba. Mutuniyar zangon Kumasi ce, ta shekara talatin tana sayar da atamfa a Peckham, ƙafafu suka ƙi aka kawo ta gidanmu a keken guragu. Ranar da ta iso ta sa aka turo ta falo, ta ce ita ba ta iya ba, kuma ba a kanta aka fara ba, a ba ta biro. Damuwarta ɗaya, in ta aika wa 'ya'yanta saƙon murya duk falon na jin sirrinta, tana so ta riƙa latsawa da hannunta. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinta. Na taɓa gwada gyara mata sau ɗaya, ta ce, "Ticha, ni ya zo koyon rubutu ne, bai zo koyon magana ba." Ban sake ba. Cikin wata uku ta naɗa kanta shugabar aji, wadda ta makara sai ta ji dalili.

Shekarar korona ita ce baƙar shekarata a aikin nan. Aka kulle ƙofar gidan, aka rufe falo, kowa a ɗakinsa. Na koma wanka da sauya zanin gado da takunkumi a fuska, masu dogara da motsin baki don su ji magana suka zama kamar an toshe musu kunne gaba ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, huɗu ba su fita shekarar ba, cikinsu har da Maureen. Na yi kuka a ɗakin ajiyar tawul fiye da sau ɗaya. Abin da na iya yi shi ne na raba tire da gishiri ɗaki ɗaki, ina turo musu takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Wata ranar Lahadi 'yar Mma Ayisha ta zo ta tsaya a wurin ajiye motoci tana hawaye tana ɗaga wa uwar hannu ta taga. Uwar ta ɗago wani kwali da ta rubuta da manyan haruffa, mu duka muka ɗauka kalaman ban tausayi ne. Abin da ke jiki shi ne KAWO SHITO, wato yajin nan nasu na Gana. 'Yar ta durƙushe tana dariya a tsakanin motoci. Bayan an buɗe gari Madam Pauline ta yi ritaya, ta miƙa min makullin kabad ɗin falo.

Aikin da na fi tunawa da shi ya zo ne bayan wannan. Hajiya Kande mutuniyar Bichi ce, shekarunta sun kai tamanin ko sun ɗara. Ɗanta na fari, Kabiru, injiniyan jirgin ƙasa ne a wajen Stratford, shi ya kawo ta Landan shekara ashirin da wani abu da suka wuce ta yi masa renon yara. Ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, gidansa kuma hawa na uku ne babu lifta, shi ne daga asibiti aka wuto da ita wurinmu. Ta zo da takarda a fayil ɗinta cewa ƙwaƙwalwarta ta taɓu, mantuwa ta kama ta. Masu irin wannan a saman bene muke ajiye su. Ma'aikatan saman mutanen kirki ne, amma ƙofar wurin da lamba ake buɗe ta, ba mai sauka sai da rakiya, ba mai yanke wa kansa komai, kuma babu mai jin Hausa ko ɗaya. An ba ta ɗaki a ƙasa ne kafin wani ya samu a sama. Tana zaune bakin taga da carbinta, ba ta ce wa kowa uffan.

Duk sabuwar zuwa ni nake cike mata takardar tarihin rayuwa. Na yi sallama da Hausa, ta ɗago kamar an kunna fitila. Muka gaisa, ta tambaye ni garinmu da unguwarmu, ta ce ta taɓa zuwa biki Tudun Wada, har ta faɗa min gidan da abin da aka dafa. Ta koka da miyar gidan, ta lissafa min abin da aka rasa a cikinta ɗaya bayan ɗaya. A raina na ce wannan kuwa ina mantuwar take? Sai na duba takardar hannuna na karanto tambaya ta gaba yadda take a rubuce.

"Hajiya, yaya sunan ɗanki na fari?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta, ta yi shiru har na fara tunanin ko abin ne ya motsa. Can ta ce a hankali, "Har ke ma, 'yar nan? Na ɗauka su ne kaɗai ba su san gida ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ku da aka haifa a nan ba lallai ku sani ba, amma matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kiran na miji. Alkunya ce, tarbiyya ce, da ita ake gane macen da ta fito gidan mutunci. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. Ni da na tashi a cikin wannan, zaman Landan da cike takardu sun sa na tambayi dattijuwa abin da ko ƙawarta ba za ta tambaye ta ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai ta saba tun asibiti.

Wannan kalmar ta asibiti ita ta kai ni ofis, na roƙi nas ta nuna min gwajin da aka yi mata. Ta waya aka yi tafinta, kuma da alama tafintan yaro ne mai juya kalma kawai. An tambaye ta sunan ɗanta, ba amsa. Sunan mijinta, ba amsa. Wane wata ake ciki, ta ce watan azumin tsofaffi, wanda daidai ne, Rajab ake ciki, amma aka rubuta ba ta san wata ba. Shekarar haihuwarta, ta ce shekarar da aka haƙa rijiyar ƙofar gidansu. An ba ta biro ta zana agogo ta rubuta jimla, ta riƙe shi kamar muciya ta ajiye, don ba ta taɓa shiga aji ba, surorinta da ka ta haddace su. Har an rubuta cewa ba ta kallon idon mai yi mata magana. A ƙasa da layi ɗaya aka ce ba ta tuna sunan ɗanta.

Manajarmu ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ba ta da ikon goge takardar likita, amma za ta nemi a sake gwaji. Aka ba da rana, mako goma masu zuwa, aka kuma ce a dakatar da maganar saman bene zuwa lokacin. In sakamako ya sake fitowa yadda yake, sama za ta koma. Na kira Kabiru, magidanci mai furfura a gemu. Shi sakamakon kawai aka faɗa masa, ya kuma yarda, ganin yadda ta ɗauke wuta tun da ta faɗi. Da na zayyana masa tambayoyin sai ya dafe kai. Ya ce, "Malama, shekarata hamsin da shida, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ko a waya sai dai ta ce wa yara, ba ni mutumin naku. Da ina wurin ranar nan da duk haka ba ta faru ba." Ya rubuta takarda ya yi bayanin al'adar, aka amsa masa cewa za a cire wannan tambayar.

Na kai wa Hajiya labari ina murna, sai na ga fuskarta ba ta saki ba. Ta tambaye ni ko da gaske ne an rubuta cewa ta manta shi. Na ce an rubuta. Ta ce in an cire tambayar, rubutun yana nan ke nan, jikokinta za su iya gani wata rana. Ta ja carbinta, sannan ta tambaye ni ko rubuta suna ɗaya yake da faɗarsa. Na ce ai ba addini ba ne, al'ada ce. Ta ce ta sani, ba zunubi take tsoro ba, nauyi take ji. Mma Ayisha da ke gefe, wadda kunnenta ba ya kuskuren maganar da ba tata ba, ta turo kekenta ta ce, "Hajiya, bakinki ne ya ɗauki alkawari. Hannunki bai yi alkawari da kowa ba. Ticha, ba shi tire."

Haka muka fara, amma da sharaɗi. Ba zan faɗi sunan a gabanta ba, ba zan rubuta mata shi a haɗe ba. Sai na bi ta kicin. Muka koyi baki, ruwa, kuka, kuɓewa, barkono, duk kalmar da ke ɗauke da haruffan da muke nema. Ranar farko ta faro daga dama, ta ce haka ta ga malamai na yi a allo, kuma ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya fara abu da hagu ba. Sai da na ce ta ɗauka hanyar motar ƙasar nan ce, komai nasu a juye yake, sannan ta yarda. Gishirin ma ya dame ta, tana ganin almubazzaranci ne, duk ƙwayar da ta zuba a tebur sai ta tsince ta mayar. Harafin R ya fi ba ta wuya, ƙafarsa kullum sai ta zame. Ta ce shi ma a ƙugu ya karye, a bi shi a hankali. Agogo kuwa da farantin takarda muka yi shi, na ɗora mata lokutan salla a kai, cikin mako guda ta gama da shi har tana gyara wa Mma Ayisha. Watannin Turawa ta haddace su kamar sura, tana cewa sunayen ba su da ma'ana.

Yadda za a jera haruffan shi ne ban san ta inda zan bi ba, tunda ta hana ni nunawa. Sai na lura ta fara cewa a kai ta bakin ƙofar shiga ta sha iska, alhali wurin sanyi ne da shi. A nan littafin baƙi yake, inda Kabiru ke rubuta sunansa da manyan haruffa duk ranar da ya zo. Takan zauna ta juya masa gefe kamar titi take kallo, idonta kuwa yana kan shafin. Na yi kamar ban gani ba, na dai roƙi mai gadin tebur ta riƙa barin littafin a buɗe.

A mako na bakwai ciwon mara ya kama ta da zazzaɓi. Irin wannan ciwon yana rikita tsoho ko da lafiyar kansa ƙalau, kwana uku tana kiran mutanen Bichi da suka daɗe da rasuwa, aka kuma rubuta a fayil cewa ta rikice. Hankalina ya tashi sosai. Da magani ya kama ta ta dawo daidai, amma rabin haruffan sun gudu, hannun kuma yana rawa. Na kawo tire ta ture shi. Ta ce ta gaji, a kai ta saman kawai, ai ko'ina Allah yana nan. Na bar mata tiren na fita. Ban yi nisa ba na ji ƙarar keken Mma Ayisha ya nufi ɗakin. Abin da ta faɗa mata duka ba zai rubutu ba. Ƙarshensa dai ta ce in Hajiya ya hau sama, wa zai riƙa taya shi zagin miyar gidan nan da Hausa? Da na leƙa bayan rabin awa, tiren yana kan cinyar Hajiya, su biyun suna gardama a kan ƙafar R.

Ranar gwaji Talata ce da hantsi. Likitar mace ce, matashiya mai natsuwa, ta zo da tafinta a zahiri, wata Bakanuwa daga Whitechapel. Kabiru ya ɗauki hutun aiki ya zauna a kusurwa. Ni an yarda na zauna bakin ƙofa, da sharaɗin kada na ce komai. Na murza wa Hajiya man kaɗanya a hannu, na ajiye mata fensirinta mai soso, na koma kujerata.

Aka tambaye ta wata, ta ba da namu ta ba da nasu. Aka ba ta kalmomi uku ta riƙe, bayan an ɗan jima ta maido su daidai, ta ƙara da tambayar ko likitar ta karya kumallo, don ta ga kamar ba ta ci ba. Ta zana agogo, da'irar ta ɗan yi kama da ƙwai amma kowace lamba tana wurinta. Likitar ta yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ta ce ta samu bayani a kan sunan ɗa da na miji, ba za ta tambaya ba, ta fara haɗa takardunta.

Hajiya ta dubi tafintar ta ce, "Ce mata ta tambaya."

Ko sau ɗaya ban taɓa ganin ta haɗa haruffan nan shida ba. In ta kakare a gaban likita bayan ita ta nema, ban san yadda za a rubuta shi ba. Likitar ta dubi Kabiru, ta dube ni, sannan ta yi tambayar. Hajiya ta sa aka juya kujerarta ta ba wa kusurwar da ɗanta yake baya. Ta ja mayafi ta yi wa takardar rumfa, ta yi bisimilla, ta ɗauki fensir. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fensir a kan takarda, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. A wuri na biyar ya daɗe a tsaye, na san inda take, na runtse ido ina addu'a. Sai na ji ya ci gaba. Da ta gama ta kife takardar, ta tura wa likitar da yatsa ɗaya.

Likitar ta juya ta, ta karanta a fili yadda harshenta ya ba ta. "Kabiru."

"Na'am, Inna," in ji shi daga kusurwa. Bai san ma ya amsa ba sai da maganar ta fita.

Hajiya ba ta waiwaya ba. Daga cikin mayafi ta ce, "Ba da kai nake ba. Da likita nake."

Tafintar ta kasa fassarawa don dariya, ni kuma na karya sharaɗin da aka gindaya min, ina dariya ina share hawaye da gefen gyale. Da aka yi wa likitar bayani ita ma ta dara. Ta ce ba ta ga abin da zai kai wannan baiwar Allah saman bene ba, haka kuma za ta rubuta. Hajiya ta ce a nuna mata layin da aka ce ta manta ɗanta. Likitar ta buɗe tsohuwar takardar ta nuna mata, ta ja layi a kansa a gabanta, ta sa hannu a gefe, ta maƙala takardar Hajiya a samansa.

Kabiru ya taso ya durƙusa a gefen kujerarta, hawaye yana bin furfurar gemunsa. Ita kuwa bango take kallo, amma ina ganin gefen bakinta yana motsi. Ta yafito ni da hannu.

"'Yar nan," ta ce, "ce wa mutumin naku ya tashi ya tafi wurin aikinsa. Ya ji abin da ya ji, ba za a ƙara ba."